Girman Hankalin Yaro da Hanyar Koyar da Shi a Makarantar Firamare

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa riƙe aji ɗaya ko aji biyu na makarantar firamare ya san wata matsala wadda ba kasafai take fitowa a rahoton sufeto ba. Yara sukan amsa karatu baki ɗaya da babbar murya, su rera "biyu sau biyu huɗu" har su kai sha biyu sau sha biyu, amma in aka ware ɗaya daga cikinsu aka ba shi tsakuwa goma sha biyu aka ce ya raba wa mutum uku, sai ya yi tsuru yana kallon malam. Abin mamaki kuma, yaron nan da ya kasa a aji shi ne ake aika kasuwa in an tashi, ya yiwo cefane ya kawo canji daidai. To, ina hankalin nasa yake maƙalewa in ya shiga ƙofar aji?

Manufar wannan maƙala ita ce a duba amsar da masana halayyar ɗan'adam suka bayar game da wannan tambaya, musamman Jean Piaget da Lev Vygotsky da Jerome Bruner, a gwama ta da abin da Bahaushe ya daɗe da sani game da ƙuruciya, sa'an nan a fito da abin da ya hau kan malamin firamare. Jigon bayanin guda ɗaya ne, watau yaro yana zuwa makaranta da hankalinsa da harshensa da abin da ya riga ya ƙware a kai, kuma duk sabon ilmin da ba a ɗora shi a kan waɗannan ba, a baki zai tsaya.

2.0 Matakan Ƙuruciya a Idon Bahaushe

Tun kafin zuwan boko, Bahaushe ya lura cewa girman yaro hawa-hawa ne, kuma ya ba kowane hawa suna. Akwai jinjiri ko jariri, sai ya koyi zama, sai rarrafe, sai tsayuwa, sai tafiya, sai yaye in ya kai shekara biyu ko kusa da haka. Waɗannan duk alamomin jiki ne. Ta fuskar tunani kuwa, kalmomi biyu ne suka fi yawo a bakin iyaye, watau wayo da hankali. In aka ce yaro bai yi wayo ba, ana nufin ba a kama shi da laifi, ba a kuma ba shi amana. In ya fara wayo sai a fara aikensa maƙwabta. Hankali kuwa gaba yake da wayo, domin ya ƙunshi sanin ya kamata, da kunya, da auna abin da zai biyo bayan aiki.

Abin lura a nan shi ne yadda al'amura da yawa suka taru a wajejen shekara bakwai. A lokacin ne yaro yake famfara. A lokacin ne bisa tsohuwar al'ada ake yi wa yara maza kaciya, a fara tafiya da su gona ko kiwo, 'yan mata kuma a ɗora musu reno da talla. A lokacin ne kuma iyaye Musulmi suke fara horon yaro da salla, kuma malaman fiƙihu da yawa suna ganin nan ne yaro yake zama mai rarrabewa. Hatta masu ɗaukar yara makarantar boko a zamanin da takardar haihuwa ta yi ƙaranci, sukan sa yaro ya ɗora hannu ta bisa kansa ya kamo kunne, in ya kamo an ce ya isa shiga. Duk waɗannan suna nuna cewa al'umma ta gane akwai wani juyi da ke faruwa ga yaro tsakanin shekara biyar da bakwai. Abin da masana suka ƙara shi ne sun auna juyin, sun kuma bayyana abin da ya ƙunsa.

3.0 Ra'in Piaget

An haifi Jean Piaget a ƙasar Suwizalan a 1896, ya rasu a 1980, kuma mafi yawan aikinsa a birnin Janiba ya yi shi. Da nazarin halittu ya fara, daga baya ya koma kan yara. Abin da ya ja hankalinsa shi ne kurakuran yara, domin ya ga yaran da suke tsara ɗaya kuskure iri ɗaya suke yi. Daga nan ya fahimci cewa yaro yana da tasa hanyar tunani dabam da ta babba, kuma da kansa yake gina saninsa ta hanyar taɓa abubuwa da juya su da gwada su.

A ganin Piaget, ginin nan ta hanya biyu yake tafiya. Ta farko ita ce yaro ya cusa sabon abu cikin ma'aunin da ya riga ya mallaka. Alal misali, yaron da ya saba da akuya a gidansu, ranar da ya fara ganin ɗan maraƙi sai ya kira shi akuya. Ta biyu ita ce ya gyara ma'aunin nasa in ya ga sabon abin ya ƙi shiga, watau in ya ji kukan maraƙin ya ga girman uwarsa, sai ya buɗe wa shanu nasu gurbi. Koyo yana aukuwa ne a daidai lokacin da tsohon ma'auni ya gaza, yaro ya ji ba daɗi, ya nemi sabo.

3.1 Matakai Huɗu

Piaget ya kasa girman tunani mataki huɗu:

(a) Daga haihuwa zuwa shekara biyu: matakin gaɓoɓi da motsi. Jariri yana sanin duniya ta ido da kunne da hannu da baki. A nan ne yake gane cewa abin da aka ɓoye masa yana nan bai ɓace ba.

(b) Daga shekara biyu zuwa bakwai: matakin kafin tunani mai tsari. Harshe ya buɗe, wasan kwaikwayo ya kankama, kara ya zama doki, ƙasa ta zama tuwo. Amma kamannin abu yana rinjayar hukuncin yaro, kuma yana yi masa wuya ya duba abu ta fuska biyu a lokaci guda.

(c) Daga shekara bakwai zuwa sha ɗaya ko sha biyu: matakin tunani mai tsari a kan abin da ake gani ake taɓawa. Yaro yana iya jera abubuwa daga ƙarami zuwa babba, ya kasa su jinsi-jinsi, ya mai da aiki baya a cikin zuciyarsa.

(d) Daga shekara sha biyu zuwa sama: matakin tunani a kan abin da ba ya gaban ido, kamar ƙaddara abin da bai faru ba da bin hujja har ƙarshenta.

Mai karatu zai ga cewa shekarun firamare, watau shida zuwa sha biyu, sun fara ne daga ƙarshen mataki na biyu suka mamaye na uku. Ke nan ɗan aji ɗaya yana bakin juyi ne, ɗan aji shida kuma bai gama fita daga bukatar ganin abu da ido ba.

3.2 Gwajin Dawwamar Adadi

Gwajin da ya fi shahara a aikin Piaget shi ne na dawwamar adadi. Akan zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu iri ɗaya, yaro ya yarda cewa ɗaya suke. Sai a juye na kofi ɗaya cikin wani dogo siriri a gaban idonsa, a tambaye shi wanne ya fi yawa. Ɗan shekara huɗu ko biyar yakan ce na dogon kofi, domin tsawon ya ɗauke masa hankali daga faɗin. Haka kuma in aka jera tsakuwa shida-shida layi biyu, aka baje layi ɗaya ya yi tsawo, sai ya ce wannan ya fi yawa, ko da kuwa shi ya ƙirga su da bakinsa. Ɗan shekara bakwai ko takwas kuwa yakan ce ɗaya suke, har ya kawo hujja cewa ba a ƙara ba ba a rage ba, kuma in an mayar zai koma yadda yake.

Muhimmancin wannan ga malami a fili yake. Yaron da bai tabbatar cewa shida tana nan shida ko an tattara ko an baje ba, bai mallaki ma'anar shida ba tukuna, sunanta kawai ya riƙe. In aka rubuta masa 4 + 2 = 6 a allo zai kwafa, zai kuma haddace, amma ba shi da abin da zai rataya lissafin a kai.

3.3 Gyare-gyaren da Aka Yi wa Piaget

Bincike na baya ya nuna cewa jerin matakan yana da ƙarfi, amma shekarun da Piaget ya ƙayyade ba turaku ba ne, kuma sakamakon gwajin ya danganta ga yadda aka yi tambayar da abin da yaro ya saba da shi.

A 1961 Price-Williams ya gwada yaran Tibi a Nijeriya da ƙasa da ƙwayoyin da suka saba gani, ya tarar suna kai wa ga dawwamar adadi a wajejen shekara bakwai zuwa takwas, kamar yaran Turai. A 1969 shi da abokan aikinsa suka gwada 'ya'yan masu ginin tukwane a Meziko, suka ga sun riga tsaransu gane cewa curin yumɓu ba ya ƙaruwa don an mulmula shi ya yi tsawo. Dalili kuwa shi ne kullum hannunsu yana cikin yumɓu. A Senigal, cikin aikin da aka buga a 1966, Patricia Greenfield ta ga yaran Wolof na karkara waɗanda ba su shiga boko ba suna cewa ruwa ya ƙaru saboda ita ce ta juye shi. Da ta bar su suka juye da hannunsu, sai masu amsa daidai suka ƙaru ƙwarai. A Laberiya kuma, Gay da Cole sun bayyana a 1967 cewa mutanen Kpelle, waɗanda ake cewa lissafin makaranta yana ba 'ya'yansu wuya, sun fi Amurkawa masu ilmi iya kintata yawan shinkafar da ke cikin kwano, domin awon shinkafa sana'arsu ce.

Ta wajen yadda ake tambaya, McGarrigle da Donaldson sun yi wani gwaji a Sikotilan a 1974 da yara 80 'yan shekara huɗu zuwa shida. Lokacin da babba ya baje layin da gangan, yara 13 ne kawai suka amsa daidai. Da aka sa wata 'yar tsana ta hargitsa layin kamar da ɓarna, sai 50 suka amsa daidai. A shekarar nan kuma Rose da Blank suka nuna cewa maimaita tambaya sau biyu yana sa yaro ya zaci amsarsa ta farko ba daidai ba ce, ya sauya. Wannan batu ya shafe mu matuƙa, domin ɗan Bahaushe an hore shi da kada ya ja da babba, kada ya haɗa ido da shi, kada ya cika tambaya. In malam ya ce masa "Ka tabbata?", sau da yawa ladabi ne zai sa ya janye amsar da ya san daidai ce. Wajibi ne malami ya rarrabe tsakanin shirun kunya da shirun rashin sani.

4.0 Vygotsky da Bruner: Matsayin Babba da Harshe

Piaget ya fi mai da hankali ga yaro shi kaɗai da kayan wasansa. Lev Vygotsky, mutumin Rasha wanda aka haifa a 1896 ya rasu a 1934 yana da shekara 37, ya duba ɗaya ɓangaren, watau mutanen da ke kewaye da yaro. Littafinsa a kan tunani da harshe ya fito a shekarar da ya rasu, amma sai a 1962 aka fassara shi zuwa Turanci, daga nan ne ra'insa ya bazu.

Vygotsky ya ce kowace ƙwarewa ta tunani tana fara bayyana ne tsakanin yaro da wani, daga baya ta koma cikin zuciyarsa. Ya kuma ce akwai tazara tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya in an kama masa. Muna iya kiran wannan tazara fagen kama-hannu, kuma a cikinta koyarwa take da amfani. Abin da ke ƙasa da ita yaro ya riga ya iya, maimaita shi ɓata lokaci ne. Abin da ke samanta kuwa, ko an yi ta faɗa ba zai shiga ba. Uwar da take riƙe hannun ɗanta tana yi masa tata ta san wannan fage: ba ta yi wa ɗan wata uku, ba ta kuma yi wa mai gudu.

A 1976 Wood da Bruner da Ross suka kwatanta taimakon babba da abin da magini yake tokare gini da shi kafin ya bushe. Amfanin matokari shi ne a cire shi in gini ya tsaya. Haka maƙeri yake yi wa ɗansa: ya fara da zuga, sai riƙe awartaki, sai ƙera ƙananan abubuwa, har ranar da za a bar masa maƙera. A makarantar allo ma, manyan ɗalibai su ne suke biya wa ƙanana, kuma ana bin babbaƙu kafin farfaru. Har ila yau, malaman allo sun laƙaba wa haruffan Larabci sunayen Hausa masu nuna siffarsu, irin su ba-guje da ta-kuri da ha-kuri da lam-jaye da am-baki, domin yaro ya kama baƙon abu da hannun harshensa.

Bruner, Ba'amurke wanda ya rayu daga 1915 zuwa 2016, ya ƙara da cewa ana riƙe sani ta hanya uku: ta aiki da hannu, ta sura ko zane, da ta alama kamar harafi da lamba. Ga ƙaramin yaro, sabon darasi ya kamata ya bi wannan jeri. Kuskuren da ya yi yawa a azuzuwanmu shi ne farawa daga ta uku.

Wani abu da Vygotsky ya bayyana shi ne maganar da yaro yake yi shi kaɗai in yana aiki. Ɗan shekara huɗu zuwa bakwai yakan yi ta surutu yana gini da ƙasa, yana cewa wannan nan, wancan can. Vygotsky ya nuna cewa da wannan magana yaro yake shirya aikinsa, kuma ita ce daga baya take nutsewa ta zama tunanin zuci. Ke nan harshen da yaro ya tashi da shi shi ne kayan aikin tunaninsa. Wannan ya kawo mu ga batun harshen koyarwa.

5.0 Harshen Koyarwa

Ɗan Bahaushe mai shekara shida ya mallaki ginin jimlar Hausa, ya san jinsin namiji da tamace, ya iya tatsuniya da kacici-kacici, ya iya ciniki da ba da saƙo. In ya shiga ajin da ba a jin komai sai Turanci, an ɗora masa kaya uku a lokaci guda: koyon baƙon harshe, da koyon karatu da rubutu, da koyon abin da darasin ya ƙunsa. Mafita ɗaya ta rage masa, ita ce hadda ba fahimta.

Wannan magana ba sabuwa ba ce. Makarantar da Hans Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa aka koyar a cikinta. A 1953 Hukumar UNESCO ta fitar da rahoton da ya goyi bayan fara karatu da harshen uwa. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara gwajin shekara shida, inda aka koyar da dukan darussan firamare da Yarabanci, aka bar Turanci a matsayin darasi guda. Yaran da suka bi wannan tsari ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa, kuma sun fi su a darussa da dama. A Jamhuriyar Nijar an buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973. A 1979 kuma Jim Cummins na Kanada ya bayyana cewa ƙwarewar karatu da aka samu a harshe na farko tana ƙetarawa zuwa na biyu, watau karatu sau ɗaya ake koyonsa. Ya kuma nuna cewa yaro yana iya hira da baƙon harshe cikin shekara biyu, amma kafin ya iya ɗaukar ilmi mai zurfi da shi sai ya yi shekara biyar zuwa bakwai.

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta biyo bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976, ta ce a fara koyarwa da harshen uwa ko na yankin, daga baya a koma Turanci. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a kai harshen uwa har shekara shida, a Nuwamban 2025 kuma Ma'aikatar Ilmi ta bayyana janye wannan manufa ta mai da Turanci harshen koyarwa. Ba hurumin wannan maƙala ba ne ta bi diddigin wannan kai-da-kawo. Abin da ya kamata a faɗa shi ne, manufar da ba a tanadar mata littattafai da horarrun malamai ba, ba a gwada ta ba balle a ce ta gaza. Kuma ko wane harshe doka ta zaɓa, ɗan shekara shida da harshen gidansu zai ci gaba da tunani, dole malami ya bi ta nan in yana so ya kai gare shi.

6.0 Abin da Ya Hau Kan Malami

6.1 Lissafi

A 1985 Carraher da Carraher da Schliemann suka gwada yara masu talla a birnin Recife na Barazil. A wurin ciniki yaran sun amsa kusan kashi 98 cikin ɗari na tambayoyin daidai, amma da aka rubuta musu lissafin nan da lambobi zalla sai suka faɗo zuwa kusan kashi 37. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin ayyukan yara a birnin Kano a cikin shekarun 1970, ta nuna irin nauyin saye da sayarwa da ke wuyan yara a gidajen da mata suke kulle. Ba ana yabon talla ba ne a nan, domin tana hana yara da yawa zuwa makaranta. Ana nuni ne ga ilmin da ke hannun yaran da malami yake da su a gabansa.

A ƙaddara yarinya tana sayar da ƙullin gyaɗa naira 50, wani ya sayi bakwai ya ba ta naira 1,000. Za ta ce kuɗinsa 350, ta cika 50 ya zama 400, ta cika 100 ya zama 500, ta ƙara 500, canjinsa 650. Ta yi ɗebewa ta hanyar ciko, kuma hanya ce ingantacciya. In aka rubuta mata 1000 a sama 350 a ƙasa aka ce ta yi aro daga sifiri, sai ta rikice. Malami mai basira zai fara da hanyarta, ya sa ta bayyana wa aji, ya zana abin da ta faɗa, daga ƙarshe ya nuna mata cewa rubutaccen lissafin gajerar hanya ce ta abin da ta riga ta iya.

Ƙirgan Hausa kansa abin taimako ne. "Goma sha ɗaya" da "goma sha biyu" suna faɗin abin da suka ƙunsa, alhali takwarorinsu na Turanci ba sa nuna goma a cikinsu. "Ashirin ba ɗaya" da "ashirin ba biyu" ɗebewa ce a cikin suna. Inda ake bukatar kulawa shi ne ashirin da talatin da arba'in zuwa casa'in, domin aro ne daga Larabci, yaro ba ya jin biyu ko uku a cikinsu. A nan sai a ɗaure tsinke goma-goma, yaro ya ga cewa talatin dami uku ne, yadda tsohon ƙirga yake cewa gomiya uku. Tsakuwar carafke da 'ya'yan dara da marafan kwalba duk kayan aiki ne da ba sa bukatar kuɗi.

6.2 Karatu

Rubutun Hausa na boko yana da sauƙin da na Turanci ba shi da shi, domin galibi kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta, kuma gaɓar kalma iri uku ce kawai: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, da baƙi da wasali da baƙi. Turanci kuwa yana da sauti fiye da 40 da haruffa 26. Yaron da ya gane cewa ka da za suna ba da kaza ya samu mabuɗin karatu, kuma da shi zai shiga Turanci. Sai dai a lura da abu biyu. Na ɗaya, a koyar da ɓ da ɗ da ƙ da 'y tun farko, a gwama bari da ɓari, da kafa da ƙafa. Na biyu, daidaitaccen rubutu ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, saboda haka gari na zama da gari na tuwo kamanninsu ɗaya a takarda. Wannan ya sa tilas a ba yaro kalma a cikin jimla, a kuma tambaye shi ma'anar abin da ya karanta. Tatsuniya tana koya masa jerin labari, kacici-kacici yana koya masa kwatanta abu da abu, karya-harshe kuma yana kaifafa kunnensa ga sautuka.

6.3 Hadda da Horo

Kada a fahimci bayanin da ya gabata a kan cewa hadda ba ta da wuri. Tun 1885 Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa tana da sauri a farko, kuma maimaici da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya. Masu tilawa sun daɗe da sanin haka. Yaron da ya haddace jadawalin sau ya huta da ƙirga yatsu, hankalinsa ya samu sarari ga abin da ya fi wuya. Sharaɗi dai shi ne fahimta ta riga, hadda ta biyo ta ɗaure.

Game da horo, masanan da suka yi nazarin lada da hukunci, irin su Thorndike da Skinner, sun tarar cewa sakamako mai daɗi yana kafa hali, hukunci kuwa danne shi yake yi na ɗan lokaci ba tare da ya koyar da madadinsa ba. Yaron da aka yi wa bulala don ya ce layin da aka baje ya fi yawa, abin da zai koya shi ne ya daina amsawa. Kuskurensa kuwa shi ne tagar da malami zai leƙa ya ga inda tunaninsa ya tsaya. Tambayar "Yaya ka yi ka samu wannan?" ta fi jan biro amfani.

6.4 Cunkoson Aji

Za a ce duk wannan ba zai yiwu ba a ajin da yara suka yi yawa. Gaskiya ne cunkoso yana daƙile malami, amma makarantar allo ta nuna wata dabara, watau a kasa yara gwargwadon inda karatunsu ya kai, wanda ya iya ya biya wa wanda bai iya ba. Mai biyawar ma yana ƙaruwa, domin bayyana abu ga wani yana tilasta masa ya tsara shi a zuciyarsa.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa Piaget ya nuna tunanin yaro hawa-hawa yake girma, kuma ɗan firamare yana bukatar ya gani ya taɓa. Waɗanda suka biyo bayansa sun nuna cewa sabo da yanayin tambaya suna ɓoye ko su bayyana abin da yaro ya sani. Vygotsky da Bruner sun nuna matsayin babba da na harshe. Hausawa suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa sai ya san inda iccen yake lanƙwasuwa, in ba haka ba ya karya shi.

Saura aiki biyu. Na farko yana kan kwalejojin horon malamai: a daina koyar da waɗannan ra'o'i a matsayin sunaye da shekarun da ɗalibi zai haddace don jarrabawa, a sa shi ya ɗauki kofi da tsakuwa ya gwada yara da Hausa, ya rubuta abin da suka ce. Na biyu yana kan ɗaliban manyan digiri na sassan Hausa da na ilmi: a shiga gidaje da kasuwanni da makarantun allo a tattara yadda yaranmu suke ƙirga, da yadda suke koyon jam'i da jinsi, da kalmomin da suka mallaka kafin shiga aji ɗaya. A kan irin wannan bincike ne za a rubuta littattafan firamare da suka dace da yaron da zai karanta su.